Kallon golf sai da ƙafa da kame baki

Mutumin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun da ya tashi a kan kallon dambe da kokawa ya san abin da ake bukata ga ɗan kallo: ya zo da muryarsa. Kalangu na tashi, kirari na tashi, kuma zugar makaɗi kan sa ɗan dambe ya yi abin da bai fito gida da niyyarsa ba, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago. Ranar da irin wannan mutum ya sami kansa a filin golf na Kano ko na Kaduna, ko na IBB a Abuja, ana gasar ƙwararru, abin da zai fara faɗa shi ne ai ba a yin komai. A ganina hukuncin ya yi gaggawa. Kallon golf yana da nasa ilmi, kuma rashin wannan ilmi ne ya fi nisanta mu da shi, fiye da rashin kuɗi.

Filin yana da ramuka 18 a warwatse cikin daji mai tsawon kilomita shida zuwa bakwai, kuma babbar gasa kwana huɗu ake yi, ramuka 72 ke nan, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne zakara. Bayan kwana biyu ana tankaɗe 'yan wasa, kusan rabinsu su koma gida. Tun da babu inda mutum zai zauna ya ga komai, dole ya zaɓa: ko ya bi rukuni ɗaya na mutum biyu ko uku, ya taka da su awa huɗu zuwa biyar, ko ya kafa zama a bakin rami ɗaya ya ga yadda kowa zai yi da shi. Na biyun ya fi wa baƙo amfani. A nan zai ga mutum ashirin sun fuskanci gangara ɗaya da iska ɗaya, wani ya tsallake, wani ƙwallonsa ta faɗa yashi, sai ya fara gane inda gwanintar take.

Shirun kuwa ba girman kai ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Ƙwallon a tsaye take, ba mai kai wa ɗan wasa hari, abokin gabarsa hannunsa ne da zuciyarsa. Tari ɗaya ko ƙarar waya a lokacin da sanda ke saukowa na iya karkatar da bugu, bugu ɗaya kuma kan raba na ɗaya da na biyu bayan kwana huɗu. Shi ya sa masu tsaron fili ke ɗaga hannu a yi tsit, shi ya sa kuma a gasar Masters ta Augusta a Amurka ba a barin ɗan kallo ya shiga da waya ko kaɗan. Da zarar ƙwallo ta tashi, sai a yi tafi da sowa son rai. Idan ta faɗo kusa da ƙafarka, kada ka taɓa ta. Daga inda ta kwanta za a buga.

Za a ce wasan masu kuɗi ne. Bugawa kam da tsada, sanduna 14 da kuɗin shiga kulob ba abin talaka ba ne. Amma da yawa daga ƙwararrun Nijeriya da ɗaukar jakar sandunan manya suka fara, ido ne makarantarsu ta farko. Kuma waɗanda suka tsaya kallon gasar Nigerian Open a da sun ga abin da kuɗi bai saye ba. Lee Elder ya ci ta a 1971, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters. Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh na Fiji a 1988 da 1989, wanda ya zama na ɗaya a duniya a 2004. A Ikoyi ta Legas a 1981 Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ruwa, kuma manomin yankinmu yana da gaskiya idan ya ɗaure fuska. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 don noman rani aka yi ta, ba mai hankalin da zai ce a ɗebi ruwan shinkafa a shayar da ciyawar wasa. Sai dai son kallon golf bai wajabta gina fili a Mafara ba. Filayen Arewa ma sun daɗe da nasu maganin: maimakon ciyawa a bakin rami, sai a shimfiɗa yashi da aka cuɗa da mai, a share shi kafin kowane bugu. Ƙwallo a kan irin wannan yashi tafiyarta dabam ce, kuma ɗan wasan da ya saba da ciyawar Turai sai ya sake koyon auna ƙarfin hannunsa.