Me Za Mu Kalla Tare da Iyalinmu?



Waɗanda suka yi wayo a zamanin kaset za su tuna yadda kallo yake a gidajenmu. Akwatin talabijin ɗaya ne a tsakar gida, duk abin da ya bayyana a kansa maigida ya gani, uwargida ta gani, har da yaran maƙwabta da suka cika tabarma. In abin kunya ya gifta, gyaran murya ɗaya ya isa a kashe. Yau akwatin ya ƙanƙance ya koma salula, ya shige ɗaki, ya shige ƙarƙashin bargo. Netflix da YouTube da TV5MONDEplus da ire-irensu rumbuna ne na fina-finai da ba a rufewa dare da rana, kuma da zarar kashi ɗaya ya ƙare sai na biye ya fara da kansa, ba ya neman izinin kowa.

Da yawa daga cikinmu mun gwada hani, mun kuma ga iyakarsa. Yaron da aka hana a gida yakan je ya kalla a wayar abokinsa, ya dawo ya ƙara da koyon ɓoyo. Shawararmu ita ce a mayar da kallo tsakar gida: iyaye su zaɓa, su zauna, a kalla tare. To amma wanda aka ce ya zaɓa, ya kamata a nuna masa abin zaɓa.

Wanda muka sa a gaba shi ne Le Garçon qui dompta le vent, na 2019, wanda yake a Netflix. Labari ne na gaskiya, na wani yaro ɗan ƙasar Malawi mai suna William Kamkwamba, wanda aka kora daga makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi a lokacin yunwar 2001 zuwa 2002. Yaron ya riƙa laɓaɓawa ɗakin karatu, ya tsinci littafi a kan makamashi, ya fahimci cewa iska tana iya ba da lantarki, lantarki kuma yana iya jan ruwa daga rijiya a yi noman rani. Abin da ya rage masa shi ne keken mahaifinsa, dukiya ɗaya tilo da ta saura a gidan, kuma sai an yanka keken kafin injin ya tashi. A nan zuciyar fim ɗin take. Uba ne da yunwa ta kunyata a gaban iyalinsa, ga ɗa yana neman ya amince masa da abin da shi bai gane ba. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a Maraɗi ko Tawa ba ya bukatar a fassara masa layin masu jiran hatsi, ko gidan da ya koma cin abinci sau ɗaya a yini. Sai dai akwai yayar yaron da ta gudu da wani malamin makaranta. Kada a yi saurin wucewa da wurin; a tsaya a tambayi ƴanmatan gida me ya kai ta, me kuma ta bari a baya.

Na biyu tsohon hannu ne, amma yaranmu da yawa ba su san shi ba: Le Lion du désert, na 1981, wanda Mustafa Akkad, haifaffen Siriya, ya shirya. Tarihin Umar Mukhtar ne, malamin Alƙur'ani ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya shafe kimanin shekara 20 yana fafatawa da sojojin Italiya a Libiya, har suka kama shi suka rataye shi a bainar jama'a a 1931, yana da shekara sama da 70. Fim ɗin ya nuna sansanonin da aka tsare talakawa a cikinsu, da wayar ƙaya da aka ja a kan iyakar Masar domin yanke masa taimako. Ya kuma nuna dattijon yana hana mutanensa kashe fursunan yaƙi, wanda a ganinmu ya fi dukkan faɗan dawakai nauyi. Labarin bai yi mana nisa ba, domin Kawsan, wanda ya kewaye sojojin Faransa a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, shi ma da Sanusiyya yake da alaƙa. Fim ɗin ya kusa awa 3 kuma akwai jini a ciki, saboda haka a raba shi dare biyu, a bar ƙanana su yi barci tukuna.

Shi dai Akkad shi ne ya yi Le Message a 1976, a kan farkon Musulunci, da Larabci da kuma Turanci, ba tare da an nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko an ji muryarsa ba. Shirin Umar na 2012, wanda tashar MBC ta nuna, shi kam ya fito da ƴan wasa a matsayin manyan Sahabbai, kuma malamai sun yi saɓani a kan haka. Mai shakka ya tambayi malaminsa kafin ya kunna. Ertugrul na Turkiyya, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2019, samari sun riga mu saninsa. Abu biyu kawai za mu ce a kansa: kashi 150 ne masu tsawo, suna cin dare har su ci sallar asuba, kuma mafi yawan abin da ke ciki ƙirƙirar marubuta ce, domin abin da tarihi ya adana game da mutumin kaɗan ne ƙwarai.

Abin da yake ba mu mamaki shi ne yadda muka san sarakunan Turkiyya, amma ba mu san fina-finan gida ba. Marcher sur l'eau, na Aïssa Maïga, an ɗauke shi ne a ƙauyen Tatiste da ke arewacin Nijar, ya fito a 2021. Ya bi wata yarinya Bafulatana ƴar shekara 14 da ke kula da ƙannenta tana tafiya mai nisa neman ruwa, alhali manya sun tafi ci-rani. Ɗan birnin da yake barin famfo yana zuba ya kamata ya gan shi. Ga manya kuma akwai Aïcha Macky, ƴar Damagaram. A L'Arbre sans fruit, na 2016, ta yi magana a kan rashin haihuwa da irin gorin da mace take sha ita kaɗai. Miji da mata da uwar miji su ne ya dace su zauna masa. Zinder, na 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ya saurari samarin da gari ya juya wa baya. Da Hausa ake magana a ciki, amma ba na yara ba ne.

Ƙananan yara a ba su Ubongo Kids, zane mai motsi daga Tanzaniya da ke koyar da lissafi da kimiyya, akwai shi da Hausa da Faransanci a YouTube. Masu son wasan Hausa kuwa, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya daɗe yana taɓo zaman aure da shaye-shaye da almajiranci cikin harshen da kaka da jika duka suke ji.

Rumbunan nan suna canza kaya daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma abin da ke nan bana yana iya ɓacewa baɗi, saboda haka a nemi fim da sunansa na Faransanci, in ba a samu a wannan ba a duba wancan. A Netflix ana iya buɗe wa yara sashensu daban, a kulle na manya da lambar sirri. A can da YouTube duka akwai maɓallin da ke hana kashi na gaba farawa da kansa, kuma shi ne na farko da ya kamata a taɓa. Wanda kuɗin forfe yake yi wa nauyi ya sauke fim ɗin a inda ya samu intanet mai sauƙi, ya zo da shi gida. Mu dai daren Asabar muka ware, bayan isha'i, kuma maigida ko uwargida kan fara duba fim ɗin kafin a shimfiɗa tabarma.