Kafin ki sayi kwanon wanke-wanke da robine, ki auna babbar tukunyarki

 

A taronmu na wata Laraba, an gama zubi ana shirin rufe akwati, sai wata ƴar ƙungiyarmu ta ce tana son bashin jika 80 za ta gyara madafarta. Ta ciro waya ta nuna mana hoton da ɗiyarta ta turo mata ta WhatsApp: kwanon wanke-wanke mai baki biyu yana walƙiya, ga robine mai dogon wuya kamar na zalɓe. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa na faɗin masha Allah. Ni dai na yi shiru, don ramin da take shirin faɗawa na riga ta shiga shekara uku da suka wuce. Da aka watse na ja ta gefe na ce, "Yaya, kafin ki ɗauki kuɗɗin ga, taho gidana ki ga nawa." Abin da na nuna mata shi ne zan ba ku labari yau.

Yadda na yi asarar jika 60

Shekarar da aka jawo mana famfo aka sa mana kwantar a gida, na ɗauki jika 60 a asusu. Na gaji da tsugunno, bayana ya fara ciwo, kuma ina son in baƙi sun leƙa madafata su ga an ci gaba. Na miƙa kuɗin ga maigida, ya tafi kasuwa da mai gyaran famfo, ni ina gida ina daka. Suka dawo da kwano mai baki biyu na farin ƙarfe da robine mai fitar da ruwan zafi da na sanyi, alhali ba mu da na'urar ɗumama ruwa. Aka ɗora shi bisa akwatin katakon nan na garin itace da ake matsewa, aka huda bango aka zura tiyo waje.

Ranar farko na ɗauko tukunyar da nake tuƙa tuwon mutum goma sha ɗaya, ta ƙi shiga ko baki ɗaya. A sati na uku maƙwabciyata ta yi sallama rai a ɓace, ruwan wanke-wankena ya kwanta a ƙofar gidanta, yaranta na tsallake taɓo. Magana ta kai har gaban mai unguwa, muka yi wata biyu gaisuwa sama-sama da matar da muke cin abinci kwano ɗaya. A wata na huɗu robine ya fara ɗiga ta gindi, katako ya sha ruwa ya kumbura, gara ta same shi. Ban gama biyan bashi ba na koma kan kujerata ƴar tsugunno da robata, kwanon ya zama wurin ajiye albasa.

Ba laifin maigida ba ne. Shi bai taɓa kankare ƙanzon tukunya ba, ina zai san girmanta? Laifina ne da na bar sayen kayan aikina a hannun wanda ba shi zai yi aiki da su ba.

Tambaya ta farko: yaya ruwanki yake zuwa?

Garuruwanmu ba ɗaya suke ba wajen ruwa. Mutanen Yamai ruwan kogin Isa suke sha, ana tace shi a Gudel da Yantala. Damagaram kuwa bisa dutse take, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo Macaya da Arunguza, kuma duk wadda ta yi bazara a can ta san yadda ake kwana ana tsaron famfo. Ko a Maraɗi da Tawa akwai unguwannin da ruwa ba ya samun ƙarfi sai tsakar dare. Don haka ki yi sati guda kina lura: ƙarfe nawa ruwa ke zuwa, ƙarfe nawa yake ɗaukewa, minti nawa yake cika bido.

In ruwanki mai yankewa ne, ki fara tunanin tanki kafin tunanin kwano. Kuma ki san cewa ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake fitowa. Sai an ɗaga ruwa metir 10 yake ba da ƙarfin da masu aikin famfo ke kira bar ɗaya. Tankin da ke bisa ƙafafu na metir 3 bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Irin robinen gayu masu siraran tiyo a ƙasa da ɗan rariya a baki, ruwa mai ƙarfi aka yi su dominsa. In aka haɗa su da gajeren tanki sai ki ga ruwa na zuba siriri kamar zare.

Tambaya ta biyu: ina ruwan zai tafi?

Nan ne na fi yin kuskure. Lokacin da muke wanki a roba, mukan watsa ruwan a tsakar gida rana ta shanye shi. Kwano mai robine kuwa duk ruwan yini wuri ɗaya yake tara shi. In bai samu rami ba zai nemi ƙofar maƙwabta, kuma ruwa kwance gidan sauro ne, ballantana da damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar mana da yara.

Ki sa a gina ramin shanye ruwa a cikin gidanki, a zuba duwatsu da tsakuwa, a rufe bakinsa da murfin siminti da za a iya ɗagawa. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, a nisanta ramin da ita aƙalla metir 15, in fili ya ba da dama a ƙara. Tiyon da zai kai ruwa ramin kada ya gaza milimetir 40 faɗi, kuma ya gangara kamar santimetir 2 a kowane metir, don ruwa ya wuce da saura-sauran abinci.

A ƙarƙashin kwano akwai wani abu mai kamar kwalba da ake kira sifon. Kullum yana riƙe ɗan ruwa a cikinsa, wannan ruwan ne ke tare wari da kyankyasai kada su biyo tiyo su shigo madafa. Kada ki yarda a ce miki ba dole ba ne. Ki zaɓi wanda ake kwancewa da hannu, ki sa a nuna miki yadda ake buɗe shi a wanke, don ba kullum za ki kira mai gyara ba.

Sannan akwai halin girkinmu. Mu da toka da rairayi muke goge bayan tukunya, kuma su ne manyan masu toshe tiyo. Haka man miya da ya daskare da sanyin hunturu. Tukunyar da ta hau icce a fara goge ta a ƙasa, a kwashe tokar a zubar. Ƙasarin gero kuma haƙƙin awaki ne, kada ya bi rami.

Kwanon kansa

Ki ɗauki igiya ki auna bakin babbar tukunyar da kike girki da ita kullum, har da kunnuwanta, ki ƙulla igiyar ki tafi da ita kasuwa. Ga gida mai yawa, baki ɗaya mai faɗi da zurfi ya fi baki biyu ƙanana. Zurfin ya kai santimetir 20, in ba haka ba ruwa zai riƙa fantsamo miki a zane.

Farin ƙarfen da ƴan kasuwa ke kira inokis iri-iri ne. Ki danna gindin kwanon da babban yatsa: in ya loɓa ya yi ƙara kamar gwangwani, siriri ne, tukunya ɗaya za ta lotsa shi. Mai kyau yakan ɗauki lambar 304 ko 18/10 a jikinsa ko a kwalinsa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi sosai. In maganaɗisu ya manne ƙam a shimfiɗaɗɗen gefensa, irin mai araha ne da ya fi saurin tsatsa. Ko mai kyan ma ba ya son a bar ruwan jabel ko gishiri su kwana a cikinsa, kuma soson ƙarfe na bar masa tabo.

Akwai kuma hanyar da ba ta cikin hotunan waya: maso ya gina miki kwano na siminti daidai tukunyarki, a shafe shi sumul ko a manna karo. Ba ya lotsewa, gara ba ta cin sa. Aibinsa shi ne tangaran da kofin gilashi na fashewa in sun faɗa ciki, kuma in ba a gangarar da gindinsa wajen rami ba ruwa zai riƙa kwanciya. Ki tsaya kansa ranar aiki, ki zuba ruwa ki gani da idonki kafin ki sallami maso.

Robine

Ki ɗauki biyu ki gwada nauyinsu a hannu. Na jan ƙarfe, wanda masu kanti ke kira leton, yana da nauyi, kuma in kika leƙa cikin zarensa za ki ga launin rawaya. Mai sauƙi kamar cokali an shafa masa ƙyalli ne a waje, shi ne ke tsagewa a gindi. Araha ba ta ado.

In ba ki da ruwan zafi a tiyo, robine mai hannu ɗaya na ruwan sanyi ya ishe ki. Wuyansa ya zama mai tsayi mai juyawa, yadda bokiti zai shiga ƙarƙashinsa. Wanda ake kafawa a bango ya fi dacewa da siririn kwano, don wanda aka ɗaure a jikin kwanon yakan fara girgiɗi in yara na ja.

Wajen rufewa iri biyu ne. Akwai na da, wanda ake murɗawa sau da yawa: roba ce a cikinsa, in ta cinye a canza ta da kuɗi kaɗan. Akwai na zamani mai juyi ɗan kaɗan, yana da daɗin hannu amma rairayi na lalata cikinsa. Kafin ki biya ki tambayi mai kanti, "In ya lalace, kana da kan da za a sauya?" In ya fara kame-kame, ki ajiye masa kayansa. Ƴan Yamai da ke zuwa kasuwar Katako, inda sabo da tsoho ke gauraye, su ma wannan tambayar ce za ta fisshe su.

Kada ki raina ɗigo. Robinen da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan na zubar da kusan litir 20 a kwana guda, wato wajen bido 30 a wata, kuma kwantar na ƙirga su duka. Ki sa a saka miki ɗan makullin ruwa a ƙarƙashin kwano, yadda in robine ya lalace za ki rufe shi kaɗai ba sai an kashe ruwan gida duka ba. Ki kuma hori yara su rufe robine ko da babu ruwa. Gidaje nawa ruwa ya dawo da dare ya tarar da robine buɗe, aka tashi tabarma na yawo?

Tsayi da gindi

Yawanci ana ɗora kwano santimetir 85 zuwa 90 daga ƙasa, amma matan gida ba tsayinsu ɗaya ba. Ki tsaya a miƙe, tafin hannunki ya taɓa gindin kwanon ba tare da kin duƙa ba. A gina ƙafafun da bulo da siminti, a bar ƙasan a buɗe ko a sa labule, don ki ga yoyo da wuri. In da hali, a ƙara wani robine a ƙasa bisa ɗan dandamalin siminti, daidai yadda bido zai shiga. Can za a wanke tukwanen biki da na suna, can kuma tsofaffinmu da suka saba da zama za su fi jin daɗi.

Lissafin asusu

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, abin da ya riƙe akwatunanmu shi ne kowace ta san inda za ta fiddo kuɗin biya kafin ta ɗauka. Kwanon wanke-wanke ba ya kawo riba kamar ƙuli-ƙuli ko kiwon rago, sai fa ga mai sayar da abinci. Don haka shawarata, a yi irin wannan aiki da kuɗin rabo, ba da bashin da ke hawa duk wata ba. In kuma dole sai bashi, a rubuta komai a takarda: kwano, robine, sifon, tiyo, siminti, ginin rami, kuɗin maso da na mai famfo. A nawa aikin na biyu, kwano da robine ba su kai rabin abin da na kashe ba. Kada a biya ma'aikaci duka sai an buɗe ruwa an cika kwano, an sake shi, an shafa ƙasa an ji a bushe.

Yayar tamu da ta zo gidana ta ga tsohon kwanon da albasa a ciki, ta riƙe baki ta ce, "Ashe haka kinka sha?" Ba ta ɗauki jika 80 ba. Ta ɗauki 25 ta gina rami da dandamali da robine ɗaya mai nauyi, ta biya cikin wata uku. Kwanon ta bar shi sai an yi rabo, kuma igiyar awon tukunyarta na nan ƙulle a bakin zanenta. Ta ce ranar saye da ƙafarta za ta tafi, maigida ya raka ta in yana so.

Duk ƙungiyar da ke da mai shirin gyaran madafa, a karanta mata wannan a taro, waɗanda suka riga suka yi kuma su faɗi abin da suka gani. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabta.