Ɓera da Gafiya: Harajin da 'Yan Kasuwar Maiduguri Ke Biya Babu Rasit

MAIDUGURI — Duk ɗan kasuwar da ke ajiye wake, gero ko bandar kifi a Maiduguri, walau a Kasuwar Monday, ko Gamboru, ko kasuwar kifi ta hanyar Baga, yana biyan wani haraji wanda ba a ba shi rasit. Masu karɓarsa su ne ɓera da gafiya. Ɓera kan huda buhu ya ci kaɗan, ya ɓata mai yawa da fitsari da kashi. Mai saye kuwa da ya ga alamar haka sai ya karya farashin buhun gaba ɗaya. Ita gafiya aikinta tono. Takan haƙa rami ta ƙarƙashin katanga ta ɓulla ɗakin ajiya, a lambunan Alau da na bakin kogin Ngadda kuma takan tone dankali da rogo.

Akasarin mutane da zarar sun ga ɓarna sai su nufi mai sayar da guba. A ma'aunin tattalin arziki, wannan ita ce hanya mafi tsada. Macen ɓera takan haihu kimanin mako 3 bayan ɗaukar ciki, kuma ba ɗa ɗaya ko biyu take haifa ba. Saboda haka muddin abinci yana zube, waɗanda aka kashe yau wasu za su maye gurbinsu kafin wata biyu. Kuɗin guba kenan ya zama kuɗin da ake fitarwa a kai a kai, alhali siminti, ragar ƙarfe da durom mai murfi sau ɗaya ake sayensu, su yi shekaru suna aiki. Ban da wannan, gubar takan faɗa wa kaji da kyanwa, ga haɗarinta ga yara.

Abin da ya fi dacewa shi ne a toshe kowace kafa da babban yatsa zai iya shiga, a ɗaura wa gindin ƙofar katako gwangwani. A jera buhuna bisa katakai, a bar tazarar kamar rabin mita tsakaninsu da bango, domin a riƙa zagayawa ana dubawa. A share hatsin da ya zube kafin a kulle shago, a rufe kwandon shara. Mai lambu ya sare ciyawar bakin shinge, ya kwashe tarin karmami, sannan ya ɗana tarko a bakin rami.

Wannan aiki ya ƙara zama wajibi tun bayan ambaliyar watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwan ya zaizaye gindin gine-gine masu yawa, kuma wanda ya sake fenti bai gyara daɓe ba ya bar wa gafiya ƙofa a buɗe.

Akwai kuma batun lafiya. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa ne daga garin Lassa na nan Jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969, kuma wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi ta hanyar gurɓata abinci. An fi samun cutar da rani, wato daidai lokacin da rumbuna da ɗakunan ajiya suke cike da amfanin kaka, mata kuma suna shanya gari da kuɓewa a ƙasa.