Tayin Silam A Wasan Birij: Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Cikin wasannin karta na Turawa da wuya a sami wanda ya kai birij bukatar lissafi. Mutum huɗu ke yinsa, biyu na adawa da biyu. Karta 52 ce, kowa ya sami 13, a buga zagaye 13. Kafin a fara bugu sai a yi tayi, watau kowane ɓangare ya faɗi zagaye nawa zai ci bisa shida, da irin kartar da za ta rinjayi sauran. Iri huɗu ne: Ganye (♣), Lu'ulu'u (♦), Zuciya (♥) da Mashi (♠). In ba a ba kowane iri rinjaye ba, shi ne notiram.

Wanda ya taya shida ya ɗau alkawarin zagaye 12, ƙaramin silam ke nan. Bakwai kuwa babban silam ne. Ladan ƙarami maki 500 ne ko 750, na babba 1,000 ko 1,500. Amma in zagaye ɗaya ya kuɓuce, ba lada, har abin da ke hannu ma ya salwanta.

To, yaya mutum zai san ƙarfin abokinsa, alhali ba ya ganin kartarsa? Da ƙidaya. As lamba 4 ne, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1, jimla 40. Abokai biyu in suka haɗa 33, saura 7 ga abokan gaba, As biyu kuwa 8 ne, saboda haka ba za su riƙe biyu ba. In suka haɗa 37, ko As ɗaya ba ya waje.

A 1933 Easley Blackwood, mutumin Indianapolis ta Amurka, ya ƙago dabarar tambaya: in an ce notiram huɗu, nufinsa As nawa gare ka? Dabarar ta bazu ƙwarai, har masu koyo suka ɗauka kullum ma'anar ke nan. Nan fa kuskuren yake.

Ga misali. Wani ya buɗe da notiram ɗaya, wanda a yawancin tsarin Amurka na yau ke nuna lamba 15 zuwa 17. Abokinsa na da 16, hannunsa ba dogon iri. Jimlarsu 31 zuwa 33. Ba yawan As ya dame shi ba. So yake ya ji ko sun kai 33. Sai ya ce notiram huɗu, kuma a nan gayyata ce: mai 17 ya tafi shida, mai 15 ya yi shiru. In mai buɗewa ya zaci Blackwood ce ya amsa da Zuciya biyar, ya ture su daga tudun mun tsira ba tare da ya faɗi abin da aka tambaye shi ba.

Wanda ke bukatar sanin As fa? John Gerber na Houston ya yaɗa maganin wannan a 1938, shi ne tayin Ganye huɗu. Amsa ita ce: Lu'ulu'u huɗu, babu As ko duk huɗun, Zuciya huɗu, ɗaya, Mashi huɗu, biyu, notiram huɗu, uku. Wannan ta dace da mai dogon iri. A ce mutum na da Lu'ulu'u bakwai masu ƙarfi, da sarakuna a gefe, amma As ɗaya tak. Ko lambarsu ba ta kai 33 ba, zagaye 12 na iya samuwa. In aboki ya amsa Mashi huɗu, uku na gida, sai a taya shida. In ya ce Zuciya huɗu, biyu na waje, sai a tsaya a Lu'ulu'u biyar.

Shawararmu ga malamai da akawunan da ke koyon wasan nan ita ce, kada su zauna a tebur sai sun daidaita da abokansu a kan abu uku: iyakar lambar notiram ɗaya, gama a tsarin Acol na Ingila 12 ce zuwa 14, inda notiram huɗu ke zama gayyata, da inda Ganye huɗu ke zama Gerber. Dokar wasa ta hana ƙyafta ido ko sake murya, kuma abokan gaba na da ikon tambayar ma'anar kowane tayi. Abin da ba a shirya ba tun da fari, ba wurin gyara shi bayan an raba karta.