Da Wayarka Ma Ana Kashe Jarumi

Kana ganin kwamen ɗin da kake zubawa kan shirin da kake so ba ya zuwa ko'ina? To, saurara.

A 1988, kamfanin DC na Amurka ya ba masu karanta littattafan zanen Batman lambobin waya biyu: ɗaya a bar yaronsa Robin da rai, ɗaya a kashe shi. Kira sama da 10,000 aka yi. Da ratar ƙuri'a 72 kacal aka aika Robin barzahu.

A watan Mayun 2018 kuwa, tashar Fox ta soke wasan barkwancin Brooklyn Nine-Nine. Masoya suka yi ca a Twitter, washegari tashar NBC ta ɗauki shirin.

Sai dai a shekarar ce kuma wasu masoyan finafinan Star Wars suka yi wa jaruma Kelly Marie Tran ruwan zagi, har da gorin launin fata, don ba su son rawar da aka ba ta. Ƙarshenta sai da ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram.

Robin zane ne, daga baya ma an dawo da shi. Ita ko mutum ce kamarka, tana karantawa. Kafin ka danna tura, duba wa jifarka za ta samu.