Ƙofofin Iska a Cikin Mota: Yadda Ake Gano Cutarsu

A tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan kwalta, direba yakan kunna na'urar sanyaya mota, wato esi, sai ya ji fanka tana hura masa iska mai zafi kamar daga bakin murhu. Abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne gas ya ƙare. Sai ya garzaya gareji, a ɗura gas, ya biya kuɗi, amma zafi yana nan yadda yake. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin cutar tana jikin wata ƙaramar ƙofa da ke ɓoye a bayan dashbod.

Abin da Ke Bayan Dashbod

A bayan dashbod akwai wani akwati na roba wanda duk iskar da fanka ta huro take ratsawa. A cikinsa akwai ƙananan lagireto guda biyu. Na farko mai sanyi ne: a cikinsa ruwan gas yake komawa tururi, yana zuƙe zafin iskar da ta bi ta jikinsa, kamar yadda gumi ke sanyaya fata idan yana bushewa. Na biyu mai zafi ne, domin ruwan inji ne ke bi ta cikinsa, wanda zafinsa yakan kai kimanin digiri 90 a ma'aunin Salshiyas.

Ƙofofi iri uku ne ke sarrafa tafiyar iska a wannan akwati. Ƙofar gauraya ita ke raba iska tsakanin ɓangaren sanyi da na zafi. Ƙofar rabo ita ke tura ta zuwa fuska, ko ƙafafu, ko gilashin gaba. Ta uku kuwa ita ke zaɓar ko a shigo da iskar waje, ko a riƙa juya ta cikin mota. Ke nan idan ƙofar gauraya ta maƙale a ɓangaren zafi, komai lafiyar kwamfireso da yawan gas, iskar da aka sanyaya sai ta sake ɗumama kafin ta iso ga fasinja.

Majuyin Ƙofa

A tsofaffin motoci, waya ce ta ƙarfe ke jan ƙofar idan direba ya murɗa maɓalli, wasu kuma suna amfani da ƙarfin zuƙar iska na inji. A shekarar 1964 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da tsarin da ke daidaita zafin cikin mota da kansa. A yawancin motocin yau, kowace ƙofa tana da majuyi, wato ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai ƙaramar mota ta lantarki, da giyoyi na roba masu rage gudu su ƙara ƙarfi, sannan a yawancinsu akwai ma'aunin matsayi.

Wannan ma'auni ya cancanci a tsaya a kansa. Kwamfutar motar takan aika masa da volt 5, shi kuma ya mayar mata da wani kaso gwargwadon inda ƙofar ta tsaya, galibi tsakanin rabin volt da volt huɗu da rabi. Da wannan saƙo take sanin lokacin da za ta tsayar da majuyin. Ɗalibin ilimin halittu zai gane wannan tsari nan take. Mutum yana iya rufe idanunsa ya taɓa hancinsa ba tare da kuskure ba, saboda tsokoki da gaɓoɓi suna sanar da ƙwaƙwalwa inda hannu yake a kowane lokaci. Masanin nan na Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa wa wannan ji suna a shekarar 1906. Idan saƙon ya yanke, ƙwaƙwalwa tana ba da umarni amma ba ta san inda gaɓar ta kai ba. Haka kwamfutar mota take zama idan ma'aunin ya lalace.

Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne a wanke kwamfireso daga zargi. A tayar da inji, a kunna esi, a buɗe bonet, a taɓa bututun esi mai kauri, tare da yin hattara da fanka da bel. Idan yana da sanyi ƙwarai har yana raɓa, alhali iskar cikin mota tana da zafi, to zargi ya koma kan ƙofar gauraya.

Na biyu shi ne sauraro. A rage ƙarfin fanka, a murɗa maɓalli daga sanyi zuwa zafi. Majuyi mai lafiya yakan yi ɗan gunji na daƙiƙoƙi kaɗan ya yi shiru. Ƙarar ƙas-ƙas-ƙas da ke maimaituwa alama ce ta karyewar haƙoran giya. Shiru baki ɗaya kuwa yana nuni ga fis, ko waya, ko mutuwar ƙaramar motar. Idan ana jin ƙofar tana kai da komowa ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ma'aunin matsayi ne abin zargi.

Na uku shi ne awo. Na'urar binciken kwamfutar mota tana iya nuna matsayin da aka umarci ƙofar da wanda ta kai. Saɓani tsakaninsu shaida ce mai ƙarfi. Inda babu ita, mitar lantarki za ta nuna ko wuta tana isa ga majuyin.

Na huɗu, a cire kan batir, a nisanci wayoyin jakar iska, waɗanda galibi ruwan ɗorawa ne, sannan a kwance majuyin a juya sandar ƙofar da hannu. Idan ta cije, ko kuma tana juyawa fayau babu abin da take ja, to ƙofar ce da kanta ta sami matsala. Sabon majuyi a kan ƙofar da ta cije ba zai daɗe ba shi ma zai karye. Bayan an sauya majuyi, motoci da yawa suna bukatar a sake saita shi domin kwamfuta ta koyi iyakar buɗewa da rufewar ƙofar.

Muhimmancin Lamarin

Wannan batu ya wuce jin daɗi kawai. Idan ƙofar rabo ta ƙi tura iska zuwa gilashin gaba a daren damina, gilashin zai yi hazo direba ya kasa ganin hanya. Har ila yau, ɗura gas fiye da ƙima yana wahalar da kwamfireso, sakinsa a iska kuma illa ce ga muhalli. An daina sa gas R-12 a sababbin motoci bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin ozon, amma R-134a da ya gaje shi yana tare zafi a sararin sama fiye da iskar kabon dayoksaid sau dubu da ɗoriya. Saboda haka, kafin mai mota ya amince a ɗura gas, ya kamata ya nemi bakanike ya fara taɓa bututu, ya kuma kasa kunne ga abin da ke motsi a bayan dashbod.