Birnin Ƙonni: Ƙabilu Da Yawa, Kasuwa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa bin titin Yamai zuwa Damagaram ya san Birnin Ƙonni, ko da ruwa kawai ya tsaya ya saya a tasha. Gari ne madaidaici, kimanin kilomita 420 gabas da Yamai, kuma shi ne hedikwatar gundumar Ƙonni a jihar Tawa. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen cikin gari sun ɗan haura dubu 60. Sai dai duk da ƙanƙantarsa, da wuya ka ambaci wata ƙabila ta wannan yanki ka rasa ta a Ƙonni. Akwai Ƙonnawa masu gari, ga Adarawa da Gobirawa, ga Fulani da Buzaye, ga Zabarmawa da aiki ko fatauci ya kawo, sannan ga 'yan uwa Sakkwatawa da ke ƙetarowa safe da yamma.

Abin da ya haɗa wannan jama'a kuwa ba ɓoyayye ba ne: kasuwa ce da harshen Hausa. Ranar Laraba, wadda ita ce babbar ranar kasuwar garin, za ka ga kowa da abin da ya kawo. Bafulatana na tafe da nono da man shanu, Buzu ya koro dabbobi, manomi ya sauke gero da wake da albasa, 'yan koli sun baje kayan roba da atamfa da suka ɗauko daga Najeriya. A gida kowa na da yarensa, amma da an zo ciniki, Hausa ake yi. Tsakaninsu kuma ga dillalai da masu masauki, waɗanda ke karɓar baƙo, su ajiye masa kaya, su tsaya masa idan an ɗauki bashi. Yawancin wannan harka babu takarda, amana ce jarinta.

Ba yau garin ya fara ganin jarrabawa ba. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Vule da Shanwan ta faɗa wa Ƙonni, ta karkashe ɗimbin jama'a, ta cinna wa garin wuta. Daga baya yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka ja layi, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta Sakkwato kuma ta faɗa hannun Ingila, alhali 'yan kilomitoci ne tsakaninsu. Mu lura, Illela biyu ce. Ban da ta bakin iyaka, akwai Illela ta Nijar can arewa, mazaunin Sarkin Adar, wadda a gundumarta ne kasuwar Badagishiri take.

Arzikin Ƙonni ba na ita kaɗai ba ne. Daga gabas akwai Malbaza, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, inda masana'antar siminti take tun shekarun 1960. A cikin gundumar ne Galmi take, garin da jar albasarsa ta yi suna har Akara da Abijan. A gefen Ƙonni kuma akwai filin noman rani mai faɗin hekta sama da 2,400, da ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango. Albasa da tumatir da kabejin da ake nomawa a nan, mata ne ke kasa su a bakin hanya, da su ake ciyar da gida, da su ake zubin adashe.

To amma duk wannan hada-hada a kan ƙofa ɗaya ta dogara. Idan ba a manta ba, a watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Ba a gama farfaɗowa ba sai aka cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, darajar naira ta zube, masu sayar da mai a kwalabe da 'yan canji suka ji a jikinsu. Sai kuma juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin ECOWAS da ya biyo baya: aka sake garƙame iyaka, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano ɗauke da kaya, ba gaba ba baya. Sai a Maris ɗin 2024 ƙasashen biyu suka buɗe.

Wa ya fi shan wahala a waɗannan watanni? Ba babban ɗan kasuwa mai sito ba ne, shi yana da halin jira. Mai ƙaramin jari ce, wadda kayan gwarinta ba sa kwana uku, kuma dole ta biya ɗan kabu-kabu ninki ya bi da ita ta daji. Wannan tsada kuwa ba ta tambayi ƙabilar kowa ba. Abin da ya sami Ba'adara shi ya sami Buzuwa da Bafulatana.

A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, don haka hulɗar bakin iyaka ta ƙara rataya a kan fahimtar juna tsakanin Yamai da Abuja. Kiranmu ga hukumomin ɓangarorin biyu shi ne, duk saɓanin da zai taso, a bar wa abinci da ƙananan 'yan kasuwa hanya, a kuma rage shingayen karɓe-karɓe. Mu ma 'yan kasuwa akwai namu. Mu riƙa rubuta bashi da shaidu, mu fayyace tun farko ko da sefa za a biya ko da naira, kada kuma rigimar manya ta sa mu ci amanar abokin ciniki don ya fito daga ƙetare ko don yarensa daban. Iyaka an rufe ta an buɗe, amma amana in ta karye, gyaranta sai an sha wuya. Allah Ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka.